Ranar da Na Kira Fure Uku

Ni dai ban taɓa cewa ni mutuniyar kirki ba ce, saboda haka kada wani ya karanta wannan ya zo yana min wa'azi. Abin da ya faru a teburinmu ranar wata Asabar a watan Agustan 2021 zan faɗa, yadda ya faru. Kuma a sani tun daga farko, Malam Hambali ma ba waliyyi ba ne.

Shi ya koya mana birij. Mutumin Funtua ne, ya kusa sittin, yana koyar da lissafi a wata kwaleji mai zaman kanta a Setapak. Iyalinsa suna gida Najeriya, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a saman kedai, wato shago, mai sayar da tayoyi. Ya ce wani malaminsu Ba'indiye ne ya koya masa wasan tun yana sakandare, kuma shekara arba'in ya yi yana neman mutum uku masu jin Hausa da za su zauna su koya, bai samu ba sai a Kuala Lumpur. Mu ya samu. Ni Walida 'yar Gwammaja, ina shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna. Sai Zahraddeen, wanda muka naɗa kyaftin don ya fi kowa son a ce shi ne. Sai Mabel 'yar Pankshin, mai digiri na biyu a Bukit Jalil. Daga baya Isaac ɗan Kafanchan ya shigo ya zama na biyar, mai jiran kujera.

Wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da abokinsa. Ni ce abokiyar Malam, Zahraddeen yana tare da Mabel. Ana raba wa kowa karta goma sha uku, ana kuma kokawa a kan ci goma sha uku. Kafin a fara jefa karta sai an yi ciniki: kowa ya kira launin da yake so ya zama mai yanka sauran, da yawan cin da ya ɗauki alkawarin kawowa. Ba magana, ba ƙifta ido, ba tari. Abin da ka kira shi kaɗai abokinka yake da shi don ya san abin da ke hannunka. Malam ya mayar mana da komai Hausa, wai Turancin yana rage mana sauri. Launuka huɗun suka zama shebur, zuciya, daimon da fure. Idan kuma abokinka ya buɗe ciniki, abokin hamayya ya tsoma baki da nasa launin kafin ka amsa, wannan Malam ya sa masa suna katsalandan.

Yana da wani littafi mai koren bango da ya rubuta dokokinmu a ciki da hannunsa, kowane shafi doka ɗaya. Mu duk kwafi muke da shi, na asalin ba ya barin jakarsa. Shafi na sha bakwai shi ne wanda ya shafe mu. Ga abin da ya ce: idan abokinka ya buɗe, aka yi katsalandan, kana da launin abokinka da yawa da hannu mai ƙarfi, to ka kira launin mai katsalandan. Ba launin kake so ba, goyon baya kake nunawa. Abokin da ya ji wannan kira ba shi da ikon cewa fas, wato ya wuce bai kira komai ba. Dalilin a fili yake, idan ya ce fas ya bar ka kana wasa da launin da duk yana hannun abokan hamayya.

Akwai kuma al'adar da ya kafa mana, yana kiranta karatu. Bayan kowane wasa sai mu zauna a mamak, gidan cin abincin da ke kusa da ɗakinsa, mu bi hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuskurensa ya fi muni a ranar sai ya miƙe tsaye, ya buɗe shafin da ya karya, ya karanta da ƙarfi sau uku. Da Isaac ya shigo sai Malam ya ƙara doka a cikin bangon littafin, har da ja mata layi biyu: wanda ya yi karatu Asabar uku a jere ya tashi daga kujera, mai jira ya hau.

A shekarar farko ni na fi kowa shan karatu. Akwai ranar da na karanta shafi na sha bakwai ɗin nan a tsaye, mamak cike da mutane suna cin roti, muryata ƙasa-ƙasa, Malam ya ce bai ji ba, in sake. Na sake. Ya ce in ɗaga murya kamar yadda nake ɗaga wa direbobin tasi. Wasu 'yan mata a teburin gefe suka ajiye cokula suna kallona. Da na gama na zauna sai ya turo min teh tarik, shayin madararsu, wai in jiƙa maƙoshi. A jirgin ƙasa na LRT na yi kukana, daga Wangsa Maju zuwa Taman Melati. Tasha ɗaya ce tak, amma ta ishe ni. Gaskiya kuma ita ce tun daga ranar ban sake karya wannan shafin ba, shi ya sa ma abin ya fi ci min rai.

Da annoba ta zo aka kulle gari, wasan ya koma intanet. Abin ma ya yi mana daɗi, don a nan ne muka samu shiga gasar ƙungiyoyin birnin da ake yi duk Asabar da ƙarfe uku na rana. Ƙungiya takwas ne, mu kaɗai ne baƙar fata, sauran yawanci dattawan Malay da Sinawa da Indiyawa masu ritaya, waɗanda da farko suke mana magana a hankali kamar yara. Zuwa tsakiyar 2021 sun daina. Karatun ma ya koma bidiyo, amma Malam bai sassauta ba, ko a ɗakinka kake sai ka miƙe.

A watan Yuni cutar ta kama shi. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti, shida daga ciki ba mu ji ɗuriyarsa ba, Mabel tana addu'a a nata ɗakin, mu muna yi a namu. Ya fito da ransa, alhamdu lillahi, amma ba duka ya fito ba. Idan ya hau matakalar ɗakinsa sai ya huta sau biyu. Kwalejin ta raba azuzuwansa ga wasu malamai, wai sai ya warware. Ni ce mafi kusa da shi, don haka ni ke yin tapau, wato in ƙunsa abinci, in hau mota in rataye masa a ƙofa, miyar kaza da shinkafa, wani lokacin in tuƙa masa tuwon semo. Sai ya kira ni ya yi godiya, bayan awa ɗaya ya sake kira ya yi godiyar, bai san ya yi ta farko ba.

Isaac ne ya riƙe kujerarsa lokacin da yake kwance, kuma a nan ne matsalar ta fara. Isaac kai ne da shi. Idan na kira abu kafin in ɗauke yatsana ya gane, Asabar huɗu muka yi tare ba mu faɗi ko ɗaya ba, muka tashi daga na shida zuwa na uku. Huɗun farko ne ke zuwa zagayen ƙarshe. Sai Malam ya dawo ya ce a ba shi kujerarsa. Wa zai hana shi? Ba aji, ba masallaci, ba mamak, ba iyali. Duk mako abin da yake jira ke nan, Asabar ƙarfe uku. Da bakinsa ya gaya wa Mabel cewa a asibiti, da numfashi ya ƙi, hannuwan da muka taɓa bugawa yake bi a kansa don kada ya firgita.

Asabar ta farko ya manta launin da ke yanka, ya zubar da ci biyu a banza. Ya yi karatu. Asabar ta biyu ya ƙirga katunan fure ba daidai ba, ya sake yin karatu. Na kira Zahraddeen na ce masa a yi wani abu, mutumin nan zai ja mu ƙasa. Zahraddeen ya ce shi ba zai buɗe baki ya kori dattijon da ya koya masa riƙe karta ba, dokar da ke bangon littafi ce kaɗai za ta iya, idan ta cika ta cika. Matsoraci ne, amma ya gaya min abin da nake bukatar ji. Saura karatu ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Malam ya kira ni. Ya daɗe yana zagaye, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi jarrabawa, sannan ya ce alfarma yake nema kuma ba ya so sauran su ji.

"Shafi na sha bakwai yana ɓace min," ya ce. "Ina ganin kiran, na san akwai wani abu a bayansa, sai in neme shi in rasa. Mu cire shi, ni da ke. Idan kina da shebur, ki ce shebur. Duk abin da kika kira, zan ɗauka shi ne a hannunki."

Na ce, "Boleh, Malam," wato na yarda.

Ya ce in sake faɗa, na sake. Na ji yana laluben wani abu a kan tebur, na ɗauka maganinsa yake nema. Wallahi lokacin da na amsa da gaske nake, har hawaye ya zo min, don ban taɓa jin wannan mutumin ya roƙi kowa komai ba. Amma washegari Juma'a ya kira ni sau uku yana godiyar miya ɗaya, a na ukun har ya tambaye ni ko mun yi magana a wannan makon. Na ajiye wayar na ce a raina, ai shi ke nan, maganar Alhamis ma ta bi ruwa. Na gaji da shi, wannan ita ce gaskiya. Na gaji da tausayinsa.

Ranar Asabar muka haɗu da ƙungiyar wasu dattawa mata daga Ampang. Hannu goma sha shida ake bugawa, ni da Malam a teburi ɗaya, Zahraddeen da Mabel a ɗayan suna buga katunan iri ɗaya ta ɓangaren abokan hamayya, a ƙarshe a gwada sakamako. Abin haushi, ranar Malam ya yi kyau. A hankali yake, kowane kira sai ya ɗauki lokaci, amma hannu goma sha uku suka wuce bai yi kuskuren da za a nuna da yatsa ba. Ruwa ake tsugawa a waje, ina zaune a kan katifa da kwamfuta a cinyata, ina kallon yadda yake tsallake rami bayan rami, raina yana ƙara ɓaci. Idan ya fita yau ba karatu, ƙirgen ya koma farko, ni ce zan goya shi har zagayen ƙarshe.

Hannu na goma sha huɗu ya zo. Shebur guda biyar a hannuna har da sarki da sarauniya, es na zuciya, sarkin daimon, fure kuwa 'yan ƙanana biyu, uku da bakwai. Malam ya buɗe da shebur ɗaya. Wadda ke bin sa, wata Puan Rosnah da ke yawan aiko mana da gaisuwa a akwatin hira, ta yi katsalandan da fure biyu. Layi ya zo kaina.

Amsa biyu ce a gabana. In ce shebur huɗu, wato mun ɗauki alkawarin ci goma da launin Malam. Zai ce fas, ya buga, ya kawo su ko da ido a rufe, don hannun ba shi da wata wahala. Wannan shi ne abin da na yi masa alkawari. Ko kuma in ce fure uku, launin Puan Rosnah, kamar yadda shafi na sha bakwai ya ce. A wurin duk wanda ya riƙe littafin, fure uku ne daidai, shebur huɗu ma a cikin littafin na mai hannu marar ƙarfi ne. Ba wanda zai iya kama ni da laifi. Har lissafin tebur na yi a kaina: saura Asabar biyu bayan wannan, ko mun faɗi yau, idan ni da Isaac muka ci biyun za mu shiga huɗun farko. Ba cikin ruɗewa na yi ba, kuma hannuna bai zame ba. Na danna fure uku.

A wasan intanet akwai wani ƙaramin akwati da kake rubuta ma'anar kiranka. Abokan hamayya ne kaɗai ke gani, abokinka ba ya gani, haka ƙa'idar take. Na rubuta musu da Turanci cewa goyon bayan shebur ne da hannu mai ƙarfi, ba fure ba. Saboda haka mu huɗu a teburin, uku sun san abin da ke hannuna, banda shi. Abokiyar Puan Rosnah ta ce fas. Sunan Malam ya haskaka.

Ya kusa minti biyu bai motsa ba. Ina kallon agogon da ke gefen sunansa yana tafiya, ina jin ruwa a kan rufin wurin ajiye motoci. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa Allah ya sa ya tuna, in samu in ce na gwada shi ne kawai. Ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfi. Sai kalmar ta fito a ƙarƙashin sunansa: fas.

Puan Rosnah tsohuwar hannu ce, ba ta ninka makin ba, don ninkawa za ta ba mu ƙofar sake kira mu gudu. Ta ce fas ita ma. Na zama ni ce zan kawo ci tara da fure. Aka shimfiɗa katunan Malam a fili kamar yadda ake yi wa abokin mai wasa, fure ɗaya tak gare shi. Mu biyu muna da uku, matan nan suna da goma. Suka fara ja. Zagaye na farko na jefa ukuna, na biyu na jefa bakwai, na uku ba ni da fure, na jefar da ƙaramin shebur. Shi ba abin da zai yi a wannan hannun sai kallo, don haka ya ga wannan shebur ɗin ya faɗi a tebur. Ci uku na kawo cikin tara. A ɗayan teburin matan Ampang sun kira shebur huɗu sun kawo har da ƙari. Puan Rosnah ta rubuta a akwatin hira, kesian, wato abin tausayi. Da wannan hannun muka faɗi wasan.

Bayan la'asar muka hau bidiyo mu biyar. Malam yana zaune a gaban labulen ɗakinsa cikin farar shadda, da hula, don ranar Asabar yakan yi shiga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Zahraddeen ya bi hannuwan da sauri-sauri, kowa ya san inda za mu. Da ya iso na sha huɗu ya yi gyaran murya ya tambaye ni me nake nufi da fure uku.

Na ce, "Shafi na sha bakwai."

Mabel ta ce don Allah a bar karatun nan yau, Baba bai gama warwarewa ba, kowa na iya yin kuskure. Isaac ya sunkuyar da kai yana wasa da biro kamar ba shi ne mai cin riba ba. Ni kuwa Malam nake kallo, ina jiran in ga ko zai ce mun yi magana ranar Alhamis. Na ma shirya amsata, zan ce ban tuna da wata magana ba, kuma kowa ya san wanda ke mantuwa a cikinmu. Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa hannu gefen allon kwamfutarsa, hoton ya girgiza, muka ji ƙarar wani abu kamar an ɓanɓare, na ɗauka kyamara yake gyarawa.

"Walida ta kira daidai," ya ce. "Haka littafin ya ce."

Na saki numfashi. Ya manta, na ce a raina, ya manta da gaske.

Ya dafa tebur ya miƙe. Da ya tsaya fuskarsa ta fita daga hoton, ba abin da muke gani sai maɓallan rigarsa da koren littafin a hannunsa. Ya karanta na farko, yana tsayawa a tsakiyar jimla ya ja iska. Ya karanta na biyu. A na uku muryar ta yi ƙasa sosai, da ya zo wurin da aka ce abokin da ya ji wannan kira ba shi da ikon cewa fas, kalmomin suka shige cikin tari. Zan iya cewa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, amma na sani sarai.

"Malam, ba mu ji ba."

Mabel ta kashe kyamararta. Zahraddeen ya kalli silin. Maɓallan rigar suka yi sama suka yi ƙasa, suka sake yin sama, sannan ya karanta shafin gaba ɗaya a karo na huɗu, da ƙarfi, kowace kalma a fili. Ya zauna, gumi ya jiƙa gefen hularsa. Ya ce doka ta cika, daga Asabar mai zuwa kujera ta Isaac ce. Ya gaya wa Isaac ya riƙe ni da kyau, na fi su duka, ba abin da na taɓa mantawa. Ya yi mana sallama ya fita. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba, har indomi na dafa da ƙwai biyu.

Ranar Litinin da safe mai gadin gininmu ya kira ni, wai mai babur ya kawo min saƙo. Na sa takunkumi na sauka. Leda ce babba. A ciki duk robobin da nake kai wa Malam abinci ne, guda goma sha ɗaya, an wanke su tas, an jera ƙanana cikin manya, kowace da murfinta. A ƙasansu koren littafin, na asalin. Ba wasiƙa.

Na hau sama na zauna a bakin katifa na buɗe. Da kansa littafin ya buɗe a shafi na sha bakwai, don akwai takarda a manne a wurin. 'Yar ƙaramar takarda ce da aka yaga daga kalanda, da salatif a samanta wanda ya riga ya ɗebi ƙura, alamar an taɓa manna ta a wani wuri an ɓanɓare. Rubutun manya-manyan baƙaƙe ne, irin na wanda ba ya so idonsa ya tsallake:

"Alhamis. Walida ta ce boleh. Babu shafi na 17. Abin da ta kira shi ne a hannunta. Ka yarda da ita."

Na sake karanta ta. Ashe minti biyun nan ba neman doka yake yi a kansa ba. Takardar tana gefen allonsa, a gaban idonsa, yana kallon fure ɗayan da ke hannunsa yana kallon ta. Duk wanda ya yi shekara arba'in yana wasan nan ya san da wuya in riƙe furen da zai kai ni ci tara bayan wata ta riga ta kira shi. Ya san haka, ya bi takardar. Kuma a bidiyon tana hannunsa, ɗaga ta kawai zai yi zuwa kyamara in gama yawo. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila mantawa ya yi da ita a cikin littafin. Amma a miƙe take a tsakiyar shafin, an danne salatif ɗin da farce daga wannan gefe zuwa wancan.

Ban kira shi ba. Me zan ce? Shi ma bai sake kira ba, ko na godiya. Mabel ce ta karɓi kai masa abinci, tun daga Bukit Jalil take biyan mai babur, ba ta kuma taɓa tambayata dalilin da na daina ba. Ni da Isaac muka ci Asabar biyun da suka rage kamar yadda na lissafa, muka shiga zagayen ƙarshe, muka zo na biyu a birnin gaba ɗaya. Puan Rosnah ta tambaye ni ina tsohon malaminmu, na ce yana hutawa.

A watan Oktoba, da aka bar masu rigakafi su zauna a wuraren cin abinci, muka koma mamak ɗin Setapak mu huɗu, karo na farko tun da aka kulle gari da karta ta gaske a hannu. Daga teburinmu ana hango tagar ɗakin Malam a saman kedai mai tayoyi, labulen a sake. Zahraddeen ya ce ya aika masa saƙo ya sauko, ya amsa cewa matakala tana ba shi wahala. Gardama ta tashi tsakanin Isaac da Zahraddeen a kan wata amsa bayan katsalandan, na ciro koren littafin daga jakata don in raba su. Ina buɗewa takardar ta zame, salatif ɗin ya riga ya mutu, ta faɗi kusa da farantin Mabel.

Ta ɗauka ta karanta. Na ga leɓenta yana motsi, ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Walida, mene ne wannan?"

Isaac da Zahraddeen suka juyo suna kallona. Na kurɓi teh tarik ɗina, na ajiye kofin.

"Malam ne," na ce. "Kin san kansa ba daidai yake ba tun da ya fito. Yakan rubuta abubuwan da ba a yi ba."

Zahraddeen ya girgiza kai ya ce Allah ya ba shi lafiya, Isaac ya ce amin. Mabel ta ninke takardar biyu, ba ta miƙo min ba, ta sa a jakarta. Isaac ya tattara katunan ya fara rabawa, ya ce ni ce zan buɗe.